FILIN KIƊA DA MAKAƊA: Samarin "Kabari" Na Ƙasar Birazil

 A wannan wata za mu bar gida mu ƙetare teku zuwa ƙasar Birazil, mu kawo muku labarin waɗansu makaɗa waɗanda in dattijo ya jiyo kiɗansu daga nesa sai ya ɗauka injin niƙa ne ya sami matsala. Sunan ƙungiyarsu Sepultura, wanda da harshen Fotugis yake nufin kabari. Mun san akwai mai cewa, to mu ina ruwanmu da masu dogon gashi da baƙaƙen kaya? A yi mana haƙuri a bi mu a hankali, domin labarin nasu na marayu ne, da talauci, da kunyar harshen uwa, da kuma 'yan uwa biyu ciki ɗaya da suka shekara goma ba su ga maciji da juna.

Da farko dai, irin kiɗan da suke yi shi ne wanda Turawa ke kira metal, wato ƙarfe. Asalinsa daga birnin Birmingham na Ingila ne, garin maƙera da masana'antu, inda wata ƙungiya mai suna Black Sabbath ta fara shi a ƙarshen shekarun 1960. Jita ce ta lantarki ake ƙure wa murya har ta riƙa gurnani, a haɗa da ganguna masu gudu, mawaƙi kuma ya riƙa ruri daga maƙogwaro. Zancen soyayya ba ya cika shiga ciki. Yaƙi, mutuwa, zalunci da tsoro, su ne abincinsa.

Waɗanda suka kafa Sepultura wa da ƙane ne, Max Cavalera wanda aka haifa a 1969, da Igor Cavalera wanda aka haifa a 1970. Mahaifinsu Ba'italiye ne, ma'aikacin ofishin jakadancin ƙasarsa a Birazil, kuma a lokacin da yake raye gidan ba ya rasa komai. Sai a 1979 ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya, yaran ba su wuce shekara 10 ba. Daga nan duniya ta juya musu baya. Uwarsu ta ci gaba da riƙonsu cikin ƙunci a birnin Belo Horizonte, babban birnin jihar Minas Gerais, a wata unguwa da ake kira Santa Tereza. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gida ke rushewa ran da mai gida ya kwanta dama, to ya san irin fushin da yaro kan tashi da shi, fushin da bai san wanda zai sauke wa ba.

Ƙasar ma kanta a lokacin tana hannun soja, waɗanda suka karɓi mulki a 1964 ba su sauka ba sai 1985. 'Yan sanda na kama saurayi a kan titi don kawai ya tara gashi. Kayan waje kuwa gwamnati ta ɗora musu takunkumi da haraji mai nauyi, saboda haka jita mai kyau ko faifan Turai sai ɗan mai hali. A cikin wannan yanayi ne, a 1984, Max yana da shekara 15, Igor yana da 14, suka tara abokansu suka ce su ma za su yi kiɗa. Sunan ƙungiyar ma Max ya tsinto shi ne yana fassara sunan wata waƙa ta ƙungiyar Motörhead ta Ingila zuwa Fotugis.

Ba su iya kiɗan ba, wannan kam su da kansu sun faɗa. Igor ne kaɗai ke da ɗan hannu, shi ma a filin ƙwallo ya fara, cikin masu buga gangunan samba na magoya bayan kulob ɗin Palmeiras. Max kuwa har ya girma jitarsa tsirkiya huɗu gare ta a maimakon shida, domin ya ce sauran biyun ba ya amfani da su. Ya sha ba da labarin yadda suka ga hotunan makaɗan Jamus sun yi ɗamara da jigidar harsashi, su kuma ba su da kuɗin saye, sai suka tara tsofaffin batura ƙanana na rediyo suka jera su a bel, suka ɗauki hoto daga nesa yadda ba za a gane ba. Talaka dai ba ya rasa dabara.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu a fili, don kada wani yaro ya je ya nemo faya-fayansu na farko ya ce a filinmu ya gani. Waƙoƙinsu na 1985 da 1986 cike suke da ambaton Shaiɗan da zagin coci, abin da ba mu ga dalilin yaba masa ba, kuma babu mai hankalin da zai so ɗansa ya haddace shi. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, kwaikwayo ne irin na yara. Sun ga ƙungiyoyin Turai irin su Venom da Hellhammer suna yi, sai suka ɗauka haka ake yi. Ingilishi ma ba su ji, da ƙamus suke juya kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har jimla ta fito ba kai ba gindi. Mawaƙinsu na farko, Wagner Lamounier, wanda ya fi kowa zaƙewa a wannan fanni, ya rabu da su a 1985 ya koma wata ƙungiya mai suna Sarcófago, daga baya kuma ya koma makaranta har ya zama malamin jami'a a fannin tattalin arziki a nan Belo Horizonte ɗin. Su kuma sauran, da hankali ya fara shigarsu sai suka watsar da zancen Shaiɗan, suka ga ashe abin tsoro na nan a bakin ƙofarsu, ba sai sun aro daga Turai ba.

Wanda ya fara ba su dama wani kantin sayar da faya-fayai ne na garinsu mai suna Cogumelo. A ƙarshen 1985 kantin ya buga musu rabin faifai, ɗaya rabin na wata ƙungiya ce mai suna Overdose. Cikin kwana biyu aka ɗauki nasu ɓangaren, Bestial Devastation. A 1986 suka fitar da cikakken faifai, Morbid Visions, wanda tsirkiyoyin jitar cikinsa ma ba a daidaita su sosai ba. Tun kafin wannan lokaci Paulo Jr. ya riga ya shigo yana riƙe da jita mai kaurin murya, kuma shi ne ya fi kowa daɗewa a cikin ƙungiyar.

To yaya aka yi yaran da gidan rediyo ba ya sa waƙarsu, jarida ba ta ambatonsu, sunansu ya kai Jamus da Amurka? Amsa ita ce kaset da gidan waya. A wancan zamani akwai wata hanya ta bayan fage wadda masoya wannan kiɗa suka shimfiɗa wa kansu. Saurayi a Suwidin zai kwafi kaset ya sa a ambulan ya aika wa wani a Birazil wanda bai taɓa gani ba, shi kuma ya rama masa da na garinsu. Waɗansu su buga 'yar mujalla da keken rubutu, su kwafe ta da injin hoto, su rarraba. Ba kamfani, ba talla, ba mai cin riba. Mu da muka san yadda kaset ɗin Shata ko na Ɗan Maraya ke tasowa daga Kano cikin jakar fatake ya iso zango, a kwafa a sake kwafa har murya ta dushe, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Shekarar 1987 ce ta canza musu tafiya. Mai jitarsu Jairo Guedz ya fita, sai Andreas Kisser, wani saurayi daga yankin Sao Paulo, ya maye gurbinsa. Shi wannan ya iya jita da gaske, har da irin ta gargajiyar Turai da ake kaɗawa da yatsu ba lantarki. Da shigowarsa kiɗan ya sami tsari, aka fitar da faifan Schizophrenia a wannan shekara. A Turai 'yan fashin faifai suka buga shi suka sayar, ko kwabo bai shiga aljihun yaran ba, amma sunansu ya tafi. A farkon 1988 Max ya ɗaure gashinsa, ya sa kwat, ya sami tikitin jirgi na ma'aikatan kamfanin Pan Am ta hannun wani sananne, ya shiga a matsayin ma'aikaci ya sauka New York da faya-fayai a hannu yana bi ofis-ofis. Kamfanin Roadrunner ya ɗauke su, alhali ba wanda ya taɓa ganin wasansu ido da ido a cikin kamfanin.

Kuɗin da aka ware wa faifai na gaba dala 8,000 ne, abin da manyan makaɗan Amurka kan kashe a 'yan kwanaki. Aka turo musu wani mai haɗa sauti daga jihar Florida, Scott Burns, suka shiga ɗakin ɗaukar murya a Rio de Janeiro cikin Disamba 1988, suna aiki da dare har wayewar gari. Abin da ya fito shi ne Beneath the Remains, wanda aka saki a 1989, shekarar da hauhawar farashi a Birazil ta haura kashi 1,000 cikin 100. Har gobe masana wannan kiɗa suna lissafa shi cikin faya-fayan da ba su da na biyu a fannin gudu da tsanani. A shekarar suka fara rangadin Turai, suna share fage wa ƙungiyar Sodom ta Jamus. A Janairu 1991 suka hau dandalin bikin Rock in Rio a filin ƙwallo na Maracanã, sannan ne 'yan ƙasarsu da yawa suka farga cewa ashe suna da irin waɗannan 'ya'ya. Sai da baƙo ya yaba tukuna na gida ya waiwayo. A wannan shekara suka fitar da Arise, kuma a wannan tsakani ne suka koma da zama birnin Phoenix na Amurka.

Nan ne, a ganinmu, labarin ya fara daɗi. Duk tsawon shekarun nan burinsu shi ne a ji su a ɗauka Turawa ne. Samba da sauran kiɗan gida sun ɗauke shi kayan tsofaffi da 'yan yawon buɗe ido. Da suka zauna a ƙasar wani, suka ga akwai ƙungiyoyi ɗari masu irin kiɗansu, waɗansu ma sun fi su kayan aiki, sai tambaya ta taso: me muke da shi wanda waɗannan ba su da shi? Mazaunin zango ya san wannan tambaya. Sau da yawa mutum ba ya sanin daɗin harshensa sai ya kwana a inda ba mai amsa masa da shi.

Amsarsu ta farko ita ce faifan Chaos A.D. na 1993. Abin da kunne ke fara ji a cikinsa bugun zuciyar ɗan Max ne tun yana cikin mahaifiyarsa, sai gangunan Igor su biyo baya da salon kiɗan titunan Birazil. Suka rage gudu, suka ƙara nauyi, suka gauraya da kiɗan 'yan tawayen birni da ake kira fank, da ƙarar ƙarafa irin ta masana'anta. Waƙoƙin kuma suka koma kan abin da ke faruwa. Akwai wadda suka yi kan kisan gidan yarin Carandiru na Sao Paulo, inda ran 2 ga Oktoba 1992 'yan sanda suka shiga kwantar da tarzoma suka kashe fursunoni 111. Akwai wadda aka ɗauki hotunanta a ƙasar Isra'ila da Falasɗinu, kan rikicin ƙasa. Sannan akwai Kaiowas, wadda babu lantarki babu ruri a cikinta, jita ce zalla da ganguna, an ɗauke ta a cikin kangon wata tsohuwar ganuwa a yankin Wales, don tunawa da wata ƙabila ta 'yan asalin Birazil wadda matasanta ke kashe kansu saboda an ƙwace musu ƙasar kakanni.

Ba su tsaya nan ba. A Nuwamba 1995 suka shiga ƙaramin jirgi zuwa jihar Mato Grosso, wurin mutanen Xavante, a yankin da ake kira Pimentel Barbosa. Suka kwana a ƙauyen, aka shafa musu launi a jiki irin na mutanen wurin, aka ɗauki waƙa a fili da na'urar da batirin mota ke tuƙawa, domin babu wutar lantarki. Mutanen ƙauye suka yi da'ira suna rera waƙarsu ta gado suna buga ƙafa, baƙin kuma suka bi su da jita da ganga a hankali. Sunan waƙar Itsári, wato saiwa da harshen Xavante, kuma sunan faifan gaba ɗaya ke nan da Ingilishi, Roots, wanda ya fito a Fabrairu 1996. Hoton bangonsa ma daga wata tsohuwar takardar kuɗin Birazil aka ɗauko shi, fuskar wani ɗan asalin ƙasar.

Akwai masu cewa wannan ci da gumin talaka ne, a je ƙauye kwana biyu a ɗebo waƙar mutane a sayar a Landan. Maganar ba ta banza ba ce, domin an sha yi wa makaɗan Afirka haka. Abin da muka lura da shi a nan shi ne, an nemi izinin shugabannin Xavante kafin a je, an ambaci sunansu a faifan, kuma ba a binne muryarsu a ƙarƙashin ƙarar jita ba. Ga mutanen da suka daɗe suna kokawa da manoma masu kuɗi a kan ƙasarsu, jin sunansu a bakin samarin Turai da Japan ba ƙaramin abu ba ne. Ko ribar da suka samu ta kai ta kamfanin faifai, wannan kam kowa ya san amsarsa.

Ɗaya saiwar da suka tono ita ce ta Afirka, kuma nan ne zancen ya taɓo mu. Sun gayyato Carlinhos Brown, wani gwanin ganga baƙar fata daga birnin Salvador na jihar Bahia, ya cika faifan da ganguna da gwangwanaye, suka yi waƙar Ratamahatta tare da shi da harshen Fotugis irin na titi. Max kuma ya buɗe wata waƙar da berimbau, wani abin kiɗa mai kama da baka, tsirkiya ɗaya da ƙoƙo, wanda asalinsa daga yankin Angola ne. Birazil ce ƙasar da aka fi kai bayi daga Afirka, mutum fiye da miliyan 4, kuma ba ta hana bauta ba sai 1888. Cikin waɗanda aka kai Bahia akwai Hausawa da dama, musamman bayan 1804, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka sa kamammu suka yawaita a hanyar bakin teku. Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawayen bayi a can a 1807 da 1809 da 1814, kuma sun shiga babban tawayen Musulmi na Janairu 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa. Bayan an murƙushe shi ne da yawa cikin 'yantattun bayi suka komo gaɓar Afirka ta Yamma, kuma daga irin waɗannan masu komowa ne aka sami mutanen Tabom na nan Ankara, waɗanda Gawa suka ba masauki. Ba za mu ce gangunan da ke cikin Roots na Hausa ba ne, domin kiɗan Bahia ya fi ɗaukar hannun Yarbawa da mutanen Dahomey da na Angola. Amma garin da gangunan suka fito, kakanninmu sun yi gumi a cikinsa, sun kuma zubar da jini.

Faifan ya kai matsayi na 4 a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila, na 27 a Amurka, abin da ba a saba gani ba ga kiɗa mai irin wannan tsanani, balle daga Kudancin Amurka. Waɗansu tsofaffin masoyansu suka yi fushi, suka ce an bar gudu an koma kwaikwayon sababbin ƙungiyoyin Amurka irin su Korn, tun da mai haɗa musu sauti ɗaya ne, Ross Robinson. Da ɗan gaskiyarsu. Sai dai ƙofar da Roots ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Daga baya an ga makaɗan ƙarfe a Mongoliya da Indiya da New Zealand suna sa kayan kiɗan gida da harshen gida ba tare da jin kunya ba, har ma nan maƙwabta a Lome akwai ƙungiyar Arka'n Asrafokor da ke haɗa shi da gangunan Ewe.

Ana tsakiyar wannan ɗaukaka sai abu ya watse. A Agusta 1996, suna Ingila za su hau dandalin bikin Donington, labari ya zo cewa ɗan matar Max ya rasu a haɗarin mota a Amurka. Max ya juya gida, sauran ukun suka yi wasan ba shi. Ita matar tasa, Gloria, ita ce manajar ƙungiyar. Dama akwai ƙorafi a ƙasa cewa ta fi tallata mijinta a kan sauran. Ran 16 ga Disamba 1996, bayan sun gama wasa a zauren Brixton na Landan, ukun suka sanar da ita ba za su sabunta yarjejeniyarta ba, kuma cikin ukun har da Igor. Max ya ɗauki abin a matsayin cin amana, ganin wata huɗu kacal ke nan da rasuwar, ya fice daga ƙungiyar da shi ya raɗa wa suna. Kowane ɓangare na da hujjarsa, amma mu dai muna ganin lokacin da aka zaɓa bai dace ba. Ko ciniki ne, ana jira a share makoki.

Max ya kafa sabuwar ƙungiya, Soulfly, a 1997. Sauran suka ɗauko Derrick Green, wani ƙaton baƙar fata daga birnin Cleveland na Amurka, wanda ya sha tsangwama daga masu cewa ba Max ba Sepultura, amma ya daure har ya ninka shekarun da Max ya yi a ƙungiyar. Wa da ƙane kuwa shekara goma ba magana, uwarsu na tsakiya. Sai a 2006, bayan Igor ma ya bar Sepultura, ya ɗauki waya ya kira wansa. A 2007 suka kafa Cavalera Conspiracy tare.

A Disamba 2023 Andreas Kisser da abokansa suka ba da sanarwar cewa Sepultura za ta yi rangadin ban kwana bayan shekara 40, kuma suka fara shi a Maris 2024 a Belo Horizonte, garin da aka faro. A wannan shekara ta 2023 ne kuma Max da Igor, kowannensu ya haura shekara 50, suka koma ɗakin ɗaukar murya suka sake buga faya-fayan nan biyu na yarinta, Bestial Devastation da Morbid Visions, tun daga farko har ƙarshe, wannan karon da tsirkiyoyi a daidaice. A 2024 suka yi wa Schizophrenia haka.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.